Keken Na'Allah Mai Gashin Baki

Shekara goma sha ɗaya Illo bai yi wa ƙanensa Na'Allah magana ba, kuma duk wanda ya san gidan ya san dalili. Ba gado ba ne, ba gona ba ce. Babur ne. Shekarar da Na'Allah ya sayi sabon babur, ya taso daga Sabon Birni inda yake sana'ar wankin hula, ya shigo ƙauyensu da ke gab da Turba ranar wata Juma'a. Illo na zaune a ƙofar gida tare da dattawa. Na'Allah ya zo daidai su, ya danna oda sau biyu, ya ɗaga hannu, ya wuce abinsa gidan abokinsa. Bai tsaya ba, bare ya sauka.

To, wanda bai san wurin ba sai ya ce wannan har wani abu ne? Abu ne babba. A can ko keken aro ka hau, in ka hango wanda ya girme ka zaune, tun daga nesa za ka sauka, ka turo abin hawanka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Illo kuwa ba wa ne kawai ba. Shi ya riƙe Na'Allah bayan rasuwar ubansu, shi ya yi masa aure, kai, shi ya ma koya masa hawan keke, yana riƙe da kariyar keken yana gudu a bayansa. Ranar nan dattawa suka dubi Illo, Illo ya dubi ƙasa. Bai ce uffan ba, kuma bai sake cewa ba.

Na'Allah ya san ya yi laifi, amma mutum ne mai son a gan shi tsaf, irin wanda ƙura ba ta kwana bisa hularsa. Ya aika goro, aka mayar masa. Ya aika mutane, suka dawo da kunya. Abu guda ne bai yi ba, shi ne ya je da kansa ya durƙusa a ƙofar nan gaban jama'a. In suna ko rasuwa ta kai shi ƙauyen, ta bayan gari yake shiga, ya sauka wurin yayarsa Safiyatu, wadda ke tsakaninsa da Illo. Haka shekaru suka yi ta tafiya. Fetur ya yi tsada, babur ɗin da aka yi faɗan a kansa aka sayar da shi, Na'Allah ya koma kan tsohon kekensa. Illo kuma idanunsa suka fara hazo, har suka mutu gaba ɗaya.

Wata ranar Talata, ƙarshen damina, Na'Allah na zaune a rumfarsa yana goge hula da buroshi, sai ga Safiyatu. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Yaya ya aiko ni," ta ce. "Jikin nan nai ba ya daɗi, kowa ya gani. Ya ce ran Juma'a, kamin a tahi masallaci, za shi zamna ƙohwar gida. Ya ce bisa abin hawa ka wuce shi, bisa abin hawa yake son ka zo. Ka sauka, ka gaishe shi gaban mutane, magana ta ƙare. In kau ba ka zo ba, ya ce ko gawatai kada ka ɗauka."

Na'Allah ya ajiye buroshi. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don ya daɗe yana mafarkin an zo an ce masa Illo ya rasu da abin a ransa.

"Za ni zo, Yaya Safiya," ya ce. "In Allah ya kai rai, za ni zo."

"Ka zo dai. Kuma ka baro girman kan nan naka gida, ba ya da wurin zama can."

Matsalar ita ce keken. Tsohon baƙin keke ne, ya girmi 'ya'yan Na'Allah duka. Kansa ya tsage daidai wuya, an ɗaure da roba. Firinsa kuma, wato ɗan ƙarfen nan mai haƙora a tayar baya da ke bari mutum ya daina taka feda keke ya ci gaba da gudu, ya mutu murus, ka taka sau uku kafin ya kama sau ɗaya. Na'Allah ya tura shi wurin Muntaka mai gyaran keke, a bakin tasha.

Muntaka ya juya fedar da hannu, ya girgiza kai. Ya ce irin firin nan sai an je Maraɗi, kuma mai zuwa ba zai dawo ba sai mako mai zuwa.

"Ran Juma'a nike son shi," in ji Na'Allah.

"To sai dai walda. A haɗe shi da taya su zama abu guda. In taya ta juya, feda ta juya. Ba shi ƙara ɓata maka rai har ka mutu."

Aka kai wa mai walda, aka haɗe. Saura kai. Muntaka ya shiga tsibin tarkacen kekunan gwanjo da ke bayan rumfarsa, ya yi ta ƙaraf-ƙaraf, ya fito da wani kai da Na'Allah bai taɓa ganin irinsa ba. Daga tsakiya ya yi gaba, ya lanƙwasa hagu da dama, sannan bakin ya dawo baya ya ɗan sunkuya, sak gashin bakin tsohon soja. Da aka ɗora shi, masu babur da ke tashar suka fashe da dariya, wani ya ce a sayo masa almakashi, wani ya ce a sara masa. Daga ranar sunan keken ya zama mai gashin baki.

Sai dai birkin tsohon keken na ƙarfe ne, a jikin tsohon kan yake, kuma tare suka tafi cikin tarkace. Sabon kan sumul yake, ba ko maƙale.

"Ina birki?" Na'Allah ya tambaya.

"Wanga keke ba ya son birki," in ji Muntaka, yana share hannu a wando. "Ƙahwarka ita ta birki. In kana son tsayawa, ka danne feda baya, ka hana ta juyawa. Turawan da sunka yi shi haka suka hawa nai."

Na'Allah ya hau ya gwada. Wallahi abin ya yi masa daɗi. In ya kama lanƙwasar gaba sai ya sunkuya, keke ya miƙe kamar ba tsoho ba. In ya gaji ya dawo da hannu bakin gashin bakin ya ɗan ɗago. Kwana biyu yana zagaya Sabon Birni da shi, yana kai huluna gidajen masu su, ana nuna shi da baki, shi kuwa yana jin daɗin kallon. Ya sayo jan tef ya naɗe kan tsaf. Tsayawa ma ba ta ba shi wuya ba, don me? Don cikin garin shimfiɗe yake, ga yashi. Da ya sassauta ƙafa, keke ya tsaya don kansa. Sai ya ɗauka ya iya. Bai iya komai ba, yashi ne ya iya.

Daren Laraba ya wanke babbar rigarsa fara, ya sa mata sitaci irin wanda yake sa wa hulunan manya, ranar Alhamis ya kai aka buge ta. Ranar Juma'a bayan sallar asuba ya saka, ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗa, ya ɗaure bakin wando da roba kada sarƙa ta kama, ya kafa hula, ya hau.

An yi ruwa a daren, hanya ta kwanta. Gero ya fitar da kai hagu da dama. Tafiyar da nisa, kuma keken ba ya barin ƙafa ta huta ko na numfashi ɗaya, amma Na'Allah bai damu ba. Yana tafe yana maimaita abin da zai yi. Zai sauka daidai bishiyar darbejiya, ya turo keke, ya jingine shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Har ya zaɓi inda zai durƙusa, gefen tabarma, inda ƙasa ba za ta taɓa rigar ba. Ka ji fa abin da ke ransa.

Abin da ya manta shi ne tudu. Shekara goma sha ɗaya yana shiga ƙauyen ta baya, ya manta cewa hanyar gaba tana hawa wani tudun jar ƙasa, daga nan ta gangaro kai tsaye, ta bi ta ƙofar gidan Illo, ta zarce rafi. Da hantsi ya hau tudun da kyar, yana haki. Daga sama ya hango su: tabarma shimfiɗe, dattawa biyar ko shida, Liman Halliru da rawaninsa, da Illo a tsakiya, ya rame, sanda kwance bisa cinyarsa, ya karkata kai wajen hanya. Keke ya fara gangara.

Kowane namiji a ƙasar nan salon saukarsa ɗaya ne. Ka daina taka feda, ka tsaya bisa ta hagu, ka wurgo ƙafar dama ta baya, keke na tafiya da kai a hankali, ka matsa birki, ka dira. Shekara arba'in Na'Allah na yin haka, jikinsa ya fi kansa sanin abin. Yana zuwa daidai darbejiya ƙafarsa ta daina takawa don kanta. Feda kuwa ba ruwanta, ta ɗaga shi sama, ta doke tafin ƙafarsa, takalmi ɗaya ya yi tsalle. Ya buɗe ƙafafu, fedoji suka ci gaba da juyawa su kaɗai, ba halin mayar da ƙafa. Yatsunsa suka kai wa birki cafka, suka damƙi iska. Maganar Muntaka ta danne feda baya, ko alamarta ba ta zo masa ba.

Daidai ƙofar gidan akwai wani kwari da ruwan daren ya cika, ya zama taɓo, faɗinsa ya kai tabarma biyu. Na'Allah ya gan shi. Ya kuma san cewa in ya saki keken ciki, taya za ta nutse, ya kife nan gaban yayansa, tafiya ta ƙare. Tunanin ya zo masa sarai, ba a ruɗe ba. Sai kuma ya tuna farar riga, ya tuna idanun dattawa, ya tuna yadda labarin zai riga shi komawa kasuwa. Hannunsa ya karkata gashin bakin kaɗan. Keke ya bi ta gefen taɓon lafiya lau, ya shige gaban tabarma fuu, Na'Allah a sunkuye, kai ƙasa, ƙafafu a baje. Ko sallama ba ta fito ba.

Yashin rafi ne ya tsayar da shi, can ƙasa. Bai faɗi ba. Rigarsa fes, ko ɗigo babu.

Ya turo keken ya dawo, ƙafa ɗaya ba takalmi. Dattawa suna ta ƙoƙarin danne dariya, don su sun ga abin da ya faru. Illo kaɗai ne bai gani ba, kuma ba ya dariya. Ya riga ya dafa sanda zai tashi. Safiyatu na tsaye a bakin zaure, ta riƙe haɓa.

Na'Allah ya yar da keken, ya durƙusa gefen tabarma. "Yaya, ina kwana. Yaya, don Allah ka saurare ni."

Illo bai juyo ba. Sai ya yi wa Liman magana.

"Malam Halliru, ni ba ni gani, amma ina ji. Mai niyyar sauka, tun daga darbejiya za ka ji ya bar feda, firi na ƙar-ƙar-ƙar. Sannan ka ji kukan birki. Tun sahe nike kasa kunne. Ban ji ko guda ba. Iska kawai na ji ta wuce ni, irin ta waccan shekara."

"Illo, keken na ya ƙwace mai," in ji Liman. "Mu mun gani da idonmu. Wani irin keke na, ba ya da birki."

"Keke ba birki?"

"Taɓa ka ji."

Aka tayar da keken, aka kawo masa. Illo ya miƙa hannu. Da kan ya fara cin karo. Ya bi lanƙwasar da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo, yana neman abin matsawa, bai samu ba. Ya ce a ɗaga tayar baya. Ya juya feda gaba, ya saki, ta ci gaba da juyawa har ta buge masa hannu. Ya laluba tsakiyar tayar, ya tarar da ƙullutun walda. Ya daɗe da yatsa a wurin. Mutum ne da ya yi shekara talatin bisa keke yana kai hatsi kasuwar Isa, ba sai an yi masa bayani ba.

Na'Allah ya ji sanyi a ransa. Ya ɗauka shi ke nan, keken ya wanke shi.

"Gaskiya ta, ba birki," in ji Illo. "Wanda ya yi ma wanga aiki bai kyauta ba." Ya saki keken, ya koma ya zauna sosai. A karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya ya juyo da fuska wajen ƙanensa. "Na'Allah."

"Na'am, Yaya."

"Akwai taɓo nan gabana. Tun sahe duk wanda ya biyo da gudu sai na ji ya shiga shi, har jaki. Kai ban ji ka ba."

Na'Allah ya sunkuyar da kai.

"Ka kauce mai ke nan. Wanda ya iya kauce ma taɓo, hankalinai na jikinai. Lokacin da nike koya ma keke, in ya ƙwace, mi nike ce ma ka yi?"

Muryar Na'Allah ta yi ƙasa. "In saki jiki in hwaɗi."

"Sau nawa ka hwaɗi gabana?"

"Ba su ƙirguwa."

"Miƙo hannun rigarka."

Na'Allah ya miƙa. Illo ya murza yadin tsakanin yatsu, sitaci na ƙara. Ya saki.

"Ta sha bugu," ya ce. "Allah shi kai ka gida lahiya."

Ba wanda ya sake yin dariya. Safiyatu ta juya ta fuskanci bango. Na'Allah na durƙushe, kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, domin ba sharri aka yi masa ba. Makaho ya faɗi abin da ya yi daidai, har da abin da ya raya a zuci.

Na'Allah ya tashi, ya ɗauki keken. Mutane suka ɗauka tafiya zai yi, kuma hanyar Sabon Birni ya nufa, ya tura keken ya hau tudu a hankali, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Illo na jin ƙarar sarƙa tana nisa. Yana nan zaune, bai shiga gida ba.

A saman tudun Na'Allah ya tsaya. Ya juya keken. Ya sauke hannuwan rigar daga kafaɗa, suka zubo har ƙasa. Ya gyara hula, ya hau, ya kama lanƙwasar gaba, ya yi bisimilla.

Wannan karon ya fi na farko gudu, don bai ko gwada tsayawa ba. Dattawa suka miƙe tsaye, wani na cewa subhanallahi, wani na jan tabarma. Na'Allah ya saita tayar gaba tsakiyar taɓon. Ta nutse har rabi, ta tsaya cak, bayan keken ya tashi sama, shi kuma ya bi ta saman gashin bakin ya kife rub da ciki. Taɓo ya fantsama har kan rawanin Liman. Bakin kan ya soke shi a haƙarƙari, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci. Hula ta yi nata wuri. Tayar baya na sama tana juyawa, feda na bin ta.

Daga inda yake kwance, baki cike da laka, ya ce, "Yaya, ina kwana."

Illo ya dafa sanda ya tashi. Liman ya kai hannu zai riƙe shi, ya ture. Ya tako ba takalmi, yana laluben ƙasa da sanda, har ya shiga taɓon zuwa idon sawu. Sandar ta taɓa kafaɗa. Ya sunkuya da kyar, ya kama rigar, ya ji ta jiƙe sharkaf, ta yi nauyi.

"Lahiya lau," ya ce. "Ka karye?"

"Ban sani ba."

"Ba ka karye ba. Mai karaya ba haka shika magana ba. Tashi zamne." Ya ɗaga murya. "Safiyatu! Ɗauko shuɗiyar rigata cikin akwati, da ruwa a buta. Ba shi zuwa masallaci haka."

Safiyatu ta shige ciki da sauri tana share ido da bakin mayafi. Na'Allah ya tashi zaune cikin taɓon, yana riƙe da haƙarƙari. Illo ya sa tafin hannu yana share masa laka daga fuska, kamar yadda ake yi wa yaro. Ya share goshi, ya tarar gashi ya ja baya. Ya share kumatu, ya ji sun faɗa. Hannun ya tsaya a wurin. Fuskar da ya sani ta mai sabon babur ce, cike, tana sheƙi, kuma ita ce fuskar ƙanensa ta ƙarshe da idonsa ya gani. Ya sake bin ta da yatsu, a hankali, daga ido zuwa haɓa.

"Na'Allah," ya ce, "yaushe ka tsuhwa haka?"